Ƙwayar da Ake Niƙawa a Cikin Miya

A layinmu babu mai kiransa da sunansa. Kafinta kawai ake cewa. Rumfarsa tana jingine da katangar makarantar da na koyar, kuma duk bencin da yara suka karya wurinsa ake kaiwa. Idan ka matsa masa ya yi sauri, sai ya ce katako bai san gaggawa ba, kai ma da za a haife ka ai sai da aka jira.

Autansa ya taso da farfaɗiya. Tun faɗuwar yaron ta farko, Kafinta da matarsa suka yanke shawarar cewa maganar ba za ta wuce ƙofar gida ba, domin sun ga yadda ake gudun mai wannan ciwo, a hana shi aiki, a hana shi aure. Likita ya ɗora shi a kan ƙwaya, ciwon ya lafa. Da yake yaron ba ya son haɗiyar magani, uwar takan niƙa ƙwayar da gindin cokali ta zuba masa a miya, har abin ya zame musu jiki. Da Auta ya girma, ya samu aikin tuƙa motar kaya.

Wata rana motar ta ƙwace masa, ta buge wani mai keke ta karya masa ƙafa. Aka kai Auta gidan yari kafin a yi shari'a. A ziyarar farko, nas ɗin gidan ta tari Kafinta a bakin ƙofa, inda gandirobobi biyu ke binciken kwanon abincin da ya kawo. Ta tambaye shi ko ɗansa yana da wani ciwo da yake shan magani a kansa. Kafinta ya dubi gandirobobin. Ransa ya ba shi cewa idan ya ambaci farfaɗiya, gobe maganar tana gaban alƙali: direban da ya san da ciwonsa, ya kuma hau titi.

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata," in ji shi. "Ko ciwon kai ba ya yi."

Auta ma amsar da ya ba ta ke nan, don da ita aka raine shi.

Uwar ta ci gaba da niƙa ƙwaya a miya, uban yana kaiwa kullum. Wani gandiroba mai tsokana yakan buɗe kwanon ya ce, "Baba, kullum sai Auta? Mu ma fa 'ya'ya ne." Kafinta yakan mayar da murfin da sauri ya ce in ya yarda a kulle shi, to, shi ma za a kawo masa tasa.

Ana nan sai aka kama wani ya ɓoye haramtaccen abu a cikin abinci, aka hana shigar da abincin waje gaba ɗaya. Matar Kafinta ta roƙe shi ya je ya gaya wa nas gaskiya.

"Malam, gara ya daɗe a ɗaure da ransa," in ji ta.

Shi kuwa ya ce ranar zaman kotu ta kusa, yaron ya yi shekara da shekaru bai faɗi ba, a daure har a samu beli. Ya sha zuwa da kwalin maganin a aljihu, ya hango ƙofar ɗakin nas, ya juyo. Ranar zaman ta zo, aka ɗage shari'ar. Kafin sabuwar ranar, ciwon ya tashi. Abokan ɗakin Auta suka ja da baya saboda tsoron kada su ɗauka, suka yi ta dukan ƙofa, ba wanda ya juya shi. Da aka buɗe, yana kife, rai ya yi halinsa.

Kafinta ya daɗe bai taɓa zarto ba. Nas ɗin ce ta zo har rumfarsa, ta yi masa ta'aziyya, ta gaya masa cewa irin wannan ƙwayar tana nan a cikin kabad ɗinta. Sai ta ƙara da cewa ita ma ta yi kuskure da ta tambaye shi a gaban masu kaki. Ta ce za a yi zama tsakanin ma'aikatan gidan yarin, da likita, da iyalan ɗaurarru, kuma tana so ya zo.

Ya je. A nan ne ya fara furta sunan ciwon ɗansa a gaban mutane. Aka amince cewa daga yanzu a ɗakin nas za a riƙa tambayar iyali, ƙofa a rufe, kuma za a koya wa gandirobobi da ɗaurarru yadda ake kwantar da mai farfaɗiya a kan gefensa. Kafinta ya tambaya ko abin da aka gaya wa nas zai iya kaiwa ga alƙali. Shugaban gidan ya ce ba zai yi masa alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Duk da haka, ranakun ziyara Kafinta yakan rufe rumfa ya je ya zauna kusa da masu jiran layi. Ba ya yi wa kowa wa'azi. Labarinsa yake bayarwa, wani ya saurara, wani ya kau da kai. Matarsa ba ta taɓa ce masa shi ya jawo ba. Shi ne dai yake faɗin haka da bakinsa, ga duk uban da ya ga ya yi shiru da yawa a kan benci.