Kunyoyin Mama Saratu

Har gobe ba zan manta da ranar da na shiga taron kwamiti da hotunan yakuwa a hannu ba.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani ofishin gwamnati a Southwest Washington, a sashen da ke tallafa wa mutanen da teku ke cinye musu ƙasar gida. Ƙa'idar ita ce mai gida ya cike takarda, ni kuma in duba taswira in ga tazarar da ke tsakanin gidan da bakin gaɓa. In ya kusa ruftawa, kwamiti ya amince a biya kuɗin janye shi baya. In da sauran fili, sai a jira baɗi.

Wata Talata na mayar da takardar wata Mama Saratu, 'yar Filato, nas ce da ta yi ritaya daga wani asibiti a Largo ta sayi ɗan gida a bakin ruwa. A taswira filinta ya isa a buga ƙwallo. Washegari ta kira. Da ta ji sunana Bashir sai ta juya Hausa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, sannan ta wanke ni tas.

"Ɗana, taswirar taka ta taɓa riƙe fartanya? Da kunya goma sha huɗu na fara noma a nan. Saura uku."

Ranar Asabar na kama hanya daga Greenbelt, inda nake zaune. Bayan ɗakin girkinta na tarar da kunya uku na yakuwa, daga nan sai gaɓa da ruwa. Ashe taswirar tsohuwa ce, ni kuma ban duba shekarar da aka yi ta ba. Ga kwamiti zai zauna Litinin, kuma ba ya karɓar labarin baki, sai shaidar ƙasar da ake rasawa shekara-shekara.

Mama ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin biskit cike da hotuna. Duk kaka takan tsaya a gonar a ɗauke ta, ta aika wa 'yan'uwa su ga Amurka ba ta raba ta da noma ba. Kowane hoto da kwanan wata a jikinsa. Tsakanin kunya da kunya kuwa taku ɗaya ne, yadda babanta ya koya mata. Na auna ukun da suka rage, babu wadda ta fi wata. Ke nan ƙirga kunya a hotunan zai nuna ƙasar da ake rasawa duk shekara. Ban san lokacin da na fara tsalle ba, tana cewa in yi a hankali kada in taka mata yakuwa.

Ranar Litinin na jera hotunan a tebur. Shugabar sashenmu, wadda ba mu taɓa ganin haƙoranta ba, ta bi su tana ƙirga kunya da biro. Ta tambayi wane safiyo, wato mai awon ƙasa, ne ya ja waɗannan layuka. Na ce nas ce da fartanya. Wallahi sai da ta cire tabarau don dariya, sannan ta sa hannu.

Na manta da lif, na sauko ta matakala a guje na kira Mama. Guɗar da ta rangaɗa sai da na janye wayar daga kunne.

An janye gidan kafin sanyi ya shigo. Guguwar farko ta tafi da kunya ukun nan.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga aikin nan, kafin ku buɗe taswira ku tambayi mai gida abin da yake da shi bara wanda bana babu. Ya fi ku sani, don shi yake ƙirgawa kullum. Mama dai da damina ta sauka ta sake jan kunya goma sha huɗu.