Filin Langa na Lakwal ɗinmu

Jiya kabu-kabu ya bi da ni ta bayan lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta Tsibiri, sai na ga an jibge bulo a filin wasan yara. Nan take na tuna da tsohon direktanmu, Allah ya jiƙan shi.

Ba ya yarda a fara lissafi sai yara sun yi langa. Zai tsaya gindin dogon yaro da usur ɗinsa mai tsatsa a baki, yana bin ƙafafunsu da kallo.

Shekarar da na fara koyarwa, na hana 'yan ajina fita don mu ci karatu. Sai ga inuwarsa a bakin taga, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Mushe, me ya sa ajinka ya yi tsit haka?"

"Baba, karatu muke."

"Yaro mai langa yana auna nisa, yana gane niyyar abokin karawarsa tun bai motsa ba. Can tunani ke farawa. Ranar da filin nan ya yi shiru, ka ji tsoro."

A raina na ce tsufa ne.

Yau da safe a ajina na Maraɗi, inda babu fili sai katanga, na ce kowa ya kama ƙafa ɗaya ya tsaya. Suka yi ta zubewa. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya sake gwadawa. Ido kawai suka zuba mini, suna jiran in faɗa musu abin da za su yi.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Allah kada ya nuna mana ƙarshen abin da ka hango.