Faifan Hamma Buba Ƙarfe-Nawa

Duk wanda ya san Hamma Buba ya san ba a ba shi labari a ƙarasa lafiya. Ka ce masa matarka ta haihu, kafin barka sai ya ce, "Ƙarfe nawa?" Ka ce an sace maka akuya, "Ƙarfe nawa?" Ranar da na je masa da kuka cewa mijina ya faɗi a babur a hanyar Gadaka ya karye, sai da ya ciro agogonsa daga gwangwanin da yake ɓoye shi, ya tambaye ni lokaci, sannan ya tambayi ƙafar. Ba ya ɗaura agogon a hannu, wai zufa na cin fatar. Shekara da shekaru ya yi yana koyar da lissafi a firamare, amma duk unguwarmu ta Yerimaram ba mai ce masa Malam Buba. Ƙarfe-Nawa ake ce masa, kuma yana amsawa.

Ni taubashiyarsa ce, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka abin da mutane ke faɗa a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗa.

Da ya yi ritaya sai ya koma zane. Bai taɓa sayen takarda ba. Bayan tsohuwar kalanda da takardar buhun siminti sun ishe shi. Kuma yana da doka. "Kaltume," yakan ce mini, "abin da ake ƙirgawa, sanduna ake jera masa, kowace awa da sandarta. Abin da ke hawa da sauka kamar zafin rana, igiya ake ja masa. Wanda ya haɗa su bai yi makaranta ba." Ni kuwa da ban yi ba sai in ce to.

Wadda ya fara zanawa ita ce matarsa, Adda Hajara. Wata guda ya yi yana rubuta lokacin da take masa faɗa, sannan ya kawo mata a bayan kalanda. Sandar ƙarfe biyu na rana ta kusa huda watan Disamba.

"Kin gani? Ba ni na faɗa ba, lissafi ne. Da azahar ciwonki yake tashi."

Adda ta duba, ta juya takardar, ta sake dubawa. "Malam, ƙarfe nawa kake dawowa daga yawo?"

"Biyu."

"To ga ciwon nan ka zana shi da hannunka."

Da kalandar aka hura wutar tuwo a ranar.

Na biyun baƙi ne. Hamma ba marowaci ba ne, yana dai so a san ya lura. Ya zana lokutan da ake sallama a zaurensa, ya liƙa a bango inda kowa zai gani. Da hantsi sandunan guntaye, da la'asar guntaye, amma daidai lokacin da ake fito da akushi sai ga wata zangarniya har rufi. Wai don masu kunya su ji kunya. Bayan sati guda wani maƙwabcinsa ya riƙe hannunsa yana godiya. "Allah Ya saka, Malam. Da can sai mu zo an gama. Yanzu kam mun san lokaci."

Duk wannan dariya muke yi, har zanen ya shigo tukunyata.

A shekarun nan na casa'in da man gas ya yi wuya, kwamitin rijiyar burtsatsen unguwarmu ya ce awa uku kacal za a riƙa tada injin a rana. Saura a zaɓi lokaci. Ni a lokacin mijina na kwance da ƙafa a ɗaure, shinkafa da waken da nake dafawa ana kaiwa tasha da rana ita ke riƙe da gidan. Ruwana na safe ne. Mu mata da tsofaffi daga sallar asuba muke jera bokitai. Da yamma layin na 'yan garuwa ne da masu ban ruwan shanu, mace ba ta iya kutsawa.

Hamma ya ce a bar masa. Ya jera gwangwanayen madara a gindin famfo, kowace awa da nata, duk bokitin da ya cika ya jefa tsakuwa. Sati biyu yana zaune daga asuba har isha. Da ya zo zane sai ya ce wannan karon fuskar agogo zai yi, ya ja layi daga tsakiya zuwa kowace lamba, inda aka fi ɗiba layin ya fi tsawo.

Na ce, "Hamma, ka yi sandunan nan naka mana, kowa ya saba da su."

"Ke me kika sani? Rana zagayowa take yi, ba tafiya Kano take ba."

Matsalar ita ce agogo lamba goma sha biyu gare shi, shidan safe da shidan yamma wuri ɗaya suke zama. Ya san da haka sarai. Ya yi niyyar safe da jan biro, yamma da shuɗi. Ya je kanti, ya ji kuɗin jan biro, ya yi wa mai kantin wa'azi ya dawo. Sai ya yi duka da fensirinsa, na safe ya danna, na yamma ya sassauta. "Ai ina nan, da bakina zan yi musu bayani."

Ranar zaman aka yi rasuwa a Gadaka, dole ya tafi. Ya bar takardar wajen shugaban kwamiti, Alhaji Ɗanlami mai fataucin shanu. Suka zauna bayan la'asar a gindin dalbejiya, suka ga layin shida da na bakwai sun fi kowanne tsawo. Suka ce magariba ke nan, dama mun faɗa. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin famfon nan da sassafe.

Kwana huɗu ban ɗora tukunyar tasha ba. Na ji haushi, kuma na ji tsoro, don ban san abin da zan ba mai karaya da yara ba in abin ya ɗore. Da Hamma ya dawo, a zaure na tare shi, ko gaisuwar rasuwar ban yi masa ba. Na zazzage masa komai, har da jan biron. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai aka ba shi labari bai ce ƙarfe nawa ba.

Washegari ya shigo gidana, ya ɗauke sabon faifan da na rufe tukunya da shi. Ya raba bakinsa gida ashirin da huɗu. Ya ɗaura zare a wurin asuba, azahar, la'asar, magariba da isha, kowace da launinta, daga kwandon saƙar Adda ya tsinto su. Sannan ya soke tsinken tsintsiya a kowane gida, dogo ko gajere gwargwadon tsakuwar gwangwaninsa. Na bi shi har gindin dalbejiya, na tsaya daga nesa inda zan ji.

Alhaji Ɗanlami ya ce, "Malam, ai an riga an yanke. Kuma da takardarka aka yanke."

"Takardata ta yi ƙarya, Alhaji, kuma ni na sa ta. Na yi kuskure."

Kowa ya juyo ya dube shi, don ba a taɓa jin haka daga bakinsa ba. Mutumin da ko hanya ya ɓata cewa yake garin ne ya matsa.

"Agogon bango ninke rana yake yi biyu kamar tabarma," in ji shi. "Ga ta nan na shimfiɗa muku ita."

Alhaji ya sa yatsa a kan dogayen tsinkayen da ke bayan zaren asuba. "To waɗannan duk su wane ne?"

"Matanku ne da iyayenku, Alhaji. Lokacin kuna hura shayi."

Liman ne ya fara dariya, sauran suka bi. Kafin a kira magariba an mayar da shi awa biyu da safe, ɗaya da yamma. Da safe na ɗora tukunyata.

Faifaina kuwa bai dawo ba. Duk sanda na tambaya sai ya ce ya zama kayan hukuma. Jan biro dai ya saya daga baya, guda ɗaya, kuma har ya bar duniya bai bari ya ƙare ba.

Ina layin famfon nan da sassafe, bayan 'yan shekaru, ƙanwar Adda Hajara ta zo ta dafa kafaɗata ta ce Hamma ya cika. Wallahi kafin in yi salati, ban san sanda bakina ya ce "Ƙarfe nawa?" ba.

Ta ce, "Yanzun nan, da aka tada injin."

Na zauna a kan bokitina ina kuka, matan layi suka cika mini sauran.

Allah Ka jiƙan Hamma Buba, Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya tsaya a gaban mutane ya amsa nasa. Ka shayar da shi ruwan da ba a yi masa layi, a inda ba wanda zai ƙara tambayar ƙarfe nawa. Amin.