Janar da Maɓallan Inna

Tun tana ƙarama ba ta iya zama ba. Innarta takan ce ko a ciki ma haka ta yi ta shure-shure, kamar wadda ake jira a waje. Don haka da ta gama sakandare ta ce sojan sama za ta shiga, babu wanda ya yi mamaki a gidan sai mahaifinta, shi ma mamakin ana ɗaukar mata ya yi.

An ɗauke ta. Takalmin da aka ba ta ya yi mata yawa, domin babu wanda ya yi tunanin ƙafar mace. Ta cusa tsumma a ciki, ta yi fareti da shi har ta gama horo. Daga nan aka tura ta rumfar gyaran jirage, ta fara da riƙe wa maza fitila da miƙa sifana. Ba ta daɗe tana miƙawa ba. Ta yi karatun injin, ta ci jarrabawar hafsoshi, ta dawo rumfar nan da anini a kafaɗa, waɗanda ta riƙe wa fitila suka koma sara mata.

Ba ta taɓa tuƙa jirgi ba. Kowa sai ya tambaya, kuma amsarta ɗaya ce: "Matuƙi yana tashi ne in na ce ya tashi."

Aikin yana da wata ƙa'ida da ta shige mata jini. Kowace safiya kafin a ta da injin, kurtu da hafsa sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, su taka titin jirgi daga farko har ƙarshe, ido a ƙasa, suna tsince tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Injin jirgin yaƙi zuƙar iska yake kamar mayunwaci, abin da ya tarar kuma haɗiyewa yake. Tana kyaftin wani noti da bai fi ƙwayar wake ba ya shige injin jirgin wani matuƙi mai barkwanci da ke ce mata Yaya Makaniki, jirgin ya faɗi da shi. Ita aka sa ta kwance abin da ya rage na injin, ita ta samo notin. Daga ranar ba ta sake tsallake wani abu a ƙasa ba, ko a gidan mutane ne.

Sauran labarin aikinta tafiya ce. Yau wannan sansani, gobe wancan. Mijinta, malamin lissafi mai haƙuri, ya bi ta da akwatuna har ya gaji, suka rabu ba faɗa. Mahaifinta ya rasu tana ƙasar waje wurin karɓar sababbin jirage, ta iso an riga an watse daga zaman makoki. Da ta zama janar aka ba ta ofis mai sanyi da kujera mai taushi, ta tsani kujerar. Kanar-kanar masu tumbi sun sha gumi, domin in janar ta sauko tsintar tsakuwa, wane ne kai?

Sai ritaya ta zo, aka yi mata fareti, aka kai ta gida, aka rufe ƙofa.

Ta gyara famfon da bai lalace ba. Ta sauya wa kujeru wuri, ta mayar da su. Mai aikinta ta ce in ana neman janar a bi ƙarar takalmi. Daga ƙarshe ta je gidan Auta, ƙaninta, ta ce ta zo ɗaukar Inna. Ta rasa uba tana nesa, ba za ta bari uwa ma ta tafi haka ba.

Inna ta tsufa, idonta ya kusa mutuwa, amma bakin yana nan. Ta ce, "Zan je. In na ji ba daɗi, Auta ya san hanya."

Janar ta ba ta ɗaki mafi iska. Kwanakin farko ta danne zuciyarta, ba ta taɓa komai ba, amma abin yana cin ta. Murfin kwalba a gindin gado, dutse a bakin ƙofar banɗaki, zare ɗaure a hannun taga, maɓallan riga a warwatse cikin faranti biyu. In ta leƙa sai tafin hannunta ya kama ƙaiƙayi. Wata safiya mai aiki ta fitar da Inna shan hantsi, janar ta shiga, ta fara daga bango, ido a ƙasa, ta bi ɗakin har ɗaya bangon. Ta fito da leda cike, ta jefa a kwandon shara, ta ji sanyi a ranta.

Ba a jima ba ta ji kira. Ta tarar da Inna tsaye tsakiyar ɗaki, hannuwa a miƙe, tana laluben iska.

"Ke, ina dutsena?"

"Wane dutse, Inna? Shara na kwashe, kar ki yi tuntuɓe."

"Tuntuɓen nake nema, uwar iyawa! In ƙafata ta buge shi na san na zo banɗaki. Murfin nan shi ke gaya mini gado. Maɓallan fa?"

Janar ta dubi farantan, babu komai a cikinsu.

"In na sha magani sai in ɗauke ɗaya daga wannan faranti in sa a wancan. Yanzu gaya mini, na sha na safe ko ban sha ba?"

Babu wanda ya sani. Mai aiki ta ce tana tsammanin ta sha. Maganin hawan jini ne, ba a sha da tsammani. Janar ta kira likita, ta auna jinin Inna, ta sake aunawa, ta kai ta komo a baranda har Inna ta ce a gaya wa mai takalmin nan ta bar huda mata kai.

Da rana ta zazzage kwandon shara da hannunta, ta wanke maɓallan, ta mayar. Inna ta shafa farantin, ta ja tsaki.

"Kin jera su daga babba zuwa ƙarami, kamar masu fareti. Kira mini Auta."

"Inna, zan sa ƙarfen dafawa a bango. Akwai agogo mai ƙara in lokacin magani ya yi."

"Ni ba jirgi ba ce."

Auta ya zo da yamma, yana sosa ƙeya, domin har yau tsoron yayarsa yake ji. Ya ce, "Ranki ya daɗe, umarni daga sama ne, ni direba ne kawai." Ba ta yi dariya ba. Ita ta naɗe kayan, ita ta kai mota, ta duba tayoyin Auta ta ce na baya yana son iska.

Da Inna ta zauna, janar ta riƙe ƙofar motar, ta ƙi sakewa.

"Gidan Auta yara ne ko'ina, Inna. Hayaniya."

"Yaran sun san ba a taɓa mini kaya. Ki riƙa zuwa, ban hana ki ba. Amma ki zo da riga mai aljihu, ki zuba hannuwanki a ciki."

"Yaushe za ki dawo?"

"Sake ƙofar, kina tsayar da yaro."

Ta saki. Motar ta fita, mai gadi ya ja ƙyaure. Mai aiki ta leƙo ta tambaya ko a kawo shayi.

Janar ta ce, "Kawo mini sifana. Gadon Inna zan kwance."