Tocilan Mai Gadin Tsohuwar Fada

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ya daina fita. Wata bakwai yana ɗaki a gidanmu na Birnin Kebbi, ko ƙofar gida ya ƙi leƙawa, wai ba ya son a gan shi ana tallafa masa. Abin ya dame ni ƙwarai. Wata rana muna hira ya ce ba abin da yake kewa kamar tsohuwar fadar Argungu da dare, yadda taurari ke taruwa a kanta lokacin suna samari suna dawowa daga su, wato kamun kifi a gulbi. Ni kuwa hoto ne sana'ata, na biki da na suna. Na ce to, in shi ba zai je ba, ni zan kawo masa.

Na isa bayan isha'i. An kunna fitilu a gindin katanga, ginin ya yi ja wur, sama kuma tas, babu farin wata. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta. Hoton taurari ba irin na ango ba ne, sai ka danna ka bar ta a buɗe kusan rabin minti, kada wani haske ya faɗo mata.

Ina dannawa sai ga tocila a fuskata. Mai gadin wurin ne, wani dogon dattijo. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, har da albasar bana. Na sake dannawa, ya sake haskawa.

"Baba mai gadi, don Allah a kashe."

"A'a, ɗana. Baƙo shi yi aiki cikin duhu ina tsaye? Mi za a ce min?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce ya gane, ya koma gefe ya haska kyamarar ita kanta, wai don ta ga gabanta. Wallahi ji na yi kamar in fizge tocilan in wurga gulbi. Da dabara ta ƙare min, sai na ce ya tsaya bakin ƙofa in ɗauke shi, amma fa ba motsi, ba kunna komai. Nan take ya gyara hula ya sandare kamar soja. Shi kaɗai ne hoton da ya yi kyau.

Washegari na wanke shi babba na kai wa Baba. Ina nuna masa taurari da yatsa ina ta yabon kaina, shi ko kallonsu bai yi ba. Ya jawo hoton kusa da idonsa.

"Wanga ja'irin na nan da rai? Tare mun ka koyi hawan gora. Shi yak kifar da ni tsakiyar gulbi yana dariya."

Sai ga Baba yana dariya da rabin baki, har da hawaye. Rabon da in ji wannan sautin na manta, sai da na juya kai don kada ya ga nawa idon. Ya ajiye hoton a kan cinyarsa.

"Motarka na da mai?"

Na ce akwai.

"To zo ka kama ni in tashi."