Ƙofar da Aka Toshe da Bulon Coci

Gidan abincin mahaifiyata a Sabon Gari ƙofa ɗaya gare shi, tana kallon titi, da rumfar kwano a gabanta. A ƙarƙashin rumfar nan na girma. Mama tana sayar da sakwara da farfesun kayan ciki, tana kuma sayar da giya, ga lasisinta na ƙaramar hukuma rataye a bango kusa da kalandar coci. Ba ta taɓa jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu ba. 'Yar zumuntar matan coci ce ta gaske, kuma takan ce tun rasuwar Baba da kwalbar nan take kai mu makaranta, wanda ya ga laifi ya zo ya karɓi rainonmu.

Da la'asar rumfar takan cika maƙil. Ma'aikatan jami'a su sauko daga Samaru, sojojin Basawa su zo da surutunsu. Masu shan giya suna bencin dama, waɗanda farfesu da lemo kawai ya kawo su suna na hagu. Ba wanda ya tsara haka, sabo ne kawai. Maƙwabcinmu, wani alhaji tela, yakan zauna a hagu yana tsokanar wani tsohon direban jirgin ƙasa, wai hantarsa ma ta kusa yin ritaya. Shi kuma ya rama da cewa tela ya fara gama masa wandon Kirsimetin bara tukuna. Duk mai wucewa yana ganin wanda ke zaune da abin da ke gabansa, shi ya sa ba a zargin kowa. Allah ya sani ina kewar rumfar nan.

Sai cocinmu ya sayi filin da ke tsallaken titi. Mama ta fi kowa murna, don ta gaji da shiga mota zuwa sujada. Ita ce kan gaba wajen ɗaukar yashi da bulo a ka tare da matan zumunta, ita ce kuma ta ciyar da magina har aka ɗora kwano.

Lokacin sabunta lasisi ya zo. Jami'in da ke zuwa dubawa dattijo ne mai sanyin magana, ya saba cin farfesunsa a bencin hagu kafin ya tafi. Wannan karon bai zauna ba. Da igiyar awo ya zo, ya ja ta daga ƙofarmu zuwa ƙofar coci, ya naɗe, sannan ya shaida wa Mama cewa ba a sabunta lasisin giya ga wurin da ke dab da wurin ibada. Ni a lokacin ina jami'a, kaina na hayaƙi. Na taso masa da cewa ai mun riga cocin zuwa, ya ce doka ba ta tambayar wa ya riga wa. Mama ta harare ni na ja bakina. Ta san abin da na sani: abinci kaɗai ba zai riƙe wurin ba, balle karatun ƙannena.

Dattijon nan bai so ya tafi ya bar ta haka ba. Ya ce, “Mama, awon daga ƙofa zuwa ƙofa ake yinsa. In kika toshe wannan, kika fasa wata ta lungun baya, zan iya sa miki hannu.”

Mama ba ta so ba. Ta fara zuwa wajen dattawan coci, ko za su je sakatariya su ce ba ta dame su da komai ba. Suka ce ina aka taɓa jin coci ya je roƙon a bar giya? Amma wai ba za su ƙi taimaka wa 'yar'uwa ba, akwai ragowar bulo a bayan gini, ta kwashe kyauta. Ta durƙusa ta yi godiya. Har yau in na tuna durƙuson nan raina ɓaci yake yi.

Da bulon nan aka toshe ƙofar, aka fasa wata ta lungu, aka cire rumfar. Lasisi ya fito. Masu sha ba su ragu ba, wasu ma lungun ya fi musu daɗi. 'Yan bencin hagu ne suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji tela ya tare Mama a hanya yana sunkuyar da kai.

“Maman yara, ki yi haƙuri. Ta titi kowa ya san abin da ya kawo ni. Ta lungu fa, me zan ce wa mutane?”

Ya ɗan jima yana aiko da kwano, daga baya shi ma ya daina. Tsohon direban ya rasa abokin faɗa, sai ya sha ya tashi shiru. Unguwa ta koma kiran wurin gidan giya, sunan da Mama ta tsana. Ta daure a haka har autanmu ya gama makaranta, sannan ta bar sana'ar.

Yanzu ta tsufa, ni nake raka ta coci, kuma kullum bakin taga take zama. Daga nan ana hango tsohon gidan abincin: ba a taɓa yi wa inda aka toshe filasta ba, shatin ƙofar yana nan. Wata Lahadi ana cikin waƙa ta taɓa ni, ta nuna tsallaken titi da haɓa.

“Kin ga bulon can mai gutsurarren gefe? Daga kaina ya faɗi ya gutsure. Ni na ɗauko shi, na zaci bangon coci zai shiga.”