Ranar da na faɗi sunan Baba a birnin Zariya

Shekarun baya, ranar da na fara shiga birnin Zariya, abin da idona ya fara sauka a kai keke ne a jikin bango. Ba jingine shi aka yi ba. Da ƙasa aka gina shi a saman ƙofar wani zaure, aka shafa masa koren fenti, tayoyin ja, har da 'yar ƙararrawarsa. Na tsaya baki buɗe, sai da kakata ta ja mayafina ta ce, "Ke, kallo muka zo?"

Lokacin ina ƙaramar sakandare a Dutsin-Ma, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na magana. In malami ya yi tambaya, amsar tana bakina amma murya ta ƙi fita. Hutu aka yi, goggona da ke aure a Minna ta haihu, Kaka ta ce gwiwoyinta ba za su ɗauki matsin mota ba. Shi ne muka je Kano muka kwana, da safe muka hau jirgin ƙasa, ni da ita da baffana, ƙanin mahaifina.

Da muka iso Zariya aka ce za a canja kan jirgi, ba za a tashi ba sai bayan la'asar. Mutane suka yi ta tsaki, Kaka kuwa ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. Tana da aminiya a cikin birni. Tare suka tashi a Kurfi, tare suke zuwa ɗiban ruwa, har aure ya kawo waccan Zariya. Rabonsu da juna tun ba a haife ni ba, kuma an aiko cewa jikin aminiyar ya yi nauyi, idon ma ya tafi.

Baffa ya ce, "Inna, in jirgin nan ya tashi fa?"

Ta ce, "Sai ka bi shi da kayan, ka ce ina gaishe su."

Ta ciro ƙullin daddawa da busasshen kifin dam ɗin Zobe daga cikin tsarabar mai jego ta ɗora mani. Baffa ya zauna gadin kaya, wayar Kaka na cikin jakar da muka bar masa. Muka tari mai adaidaita ya shiga da mu ta Ƙofar Doka, ya sauke mu a unguwar da ta kwatanta masa.

Ban taɓa ganin gari mai kwalliya haka ba. Wani gidan shuɗi ne da zanen takobi, wani rawaya da agogo wanda hannayensa ba sa motsi, wani kuma an bi bangonsa da dagi tun daga ƙasa har sama. A kusurwar kowane soro akwai zanko a tsaye kamar kunnen zomo. Lungunan ƙanana ne, in mai mashin ya taho sai kun manne da bango. Kusan kowane zaure da maza zaune kan tabarma suna yi wa manyan riguna aiki, zare kala-kala a baje gabansu.

Kaka sau ɗaya ta taɓa zuwa gidan, wajen biki. Ta ce akwai rimi, akwai kududdufi, ƙofar kuma shuɗiya ce. Muka sami rimi, muka sami kududdufi. Shuɗiyar ƙofa kuwa, duk inda muka juya ga ta nan.

Muka yi sallama a wani zaure inda dattawa ke ɗinki. Bayan an gaisa, wani mai farin gemu da tabarau a kan karan hanci ya ce, "Hajiya, gidan wa ake nema?"

Ta ce, "Gidan wani maɗinki."

Ya dubi abokansa, ya ɗaga allurarsa sama. "Hajiya, nan unguwar ko akuya ka ba ta allura sai ta yi maka aikin aska takwas a riga. Sunansa fa?"

Kaka ta yi gyaran murya ta ce, "Mai sunan baban yarinyar nan."

A nan na gane matsalar da muka ɗauko tun daga tasha. Mijin aminiyar, Allah ya ji ƙansa, sunansa ɗaya da mahaifina. Mahaifina kuwa ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kaka ta kira sunansa ba. In tana nemansa cewa take, "Ina wancan?" Akwai yaron maƙwabtanmu da ya ci sunan, har ya girma ba ta taɓa kiransa da shi ba, sai dai "Mai suna". Ta gwada faɗin sunan aminiyar, amma na yarinta ne da ake kiranta a Kurfi, ba wanda ya san shi a Zariya.

Dattijon ya juyo wajena. "To 'yan mata, me sunan babanki?"

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ni da ko a makaranta aka kira cikakken sunana haɗe da na Baba, rabin farko kawai nake amsawa a zuciyata. In faɗi sunan Baba gatsal, a gaban mahaifiyarsa, a gaban maza baƙi? Na ji kamar in nutse.

Wani daga cikinsu ya kwashe da dariya. "Katsinawa ke nan! Sun taho neman mutum sun baro sunansa a gida."

Kaka ta ce, "Mun baro shi inda ake ganin girmansa."

"Ta rama, ta rama," in ji mai tabarau. "To ga dabara. Zan riƙa jero sunaye, in na faɗo shi ki ɗaga kai."

Ya fara da na Annabawa, ya gangaro na Sahabbai, abokansa suna taya shi. Kaka tana girgiza kai, suna wucewa. Inuwar bangon da ke gabanmu ta fara tsawo. Wani ya ajiye rigarsa ya ɗauki buta, na san la'asar ta kusa. Sai ga sunan Baba ya fito daga bakin dattijon, a tsakiyar jerin.

Kaka ba ta ɗaga kai ba, ba ta girgiza ba. Ta kama gefen mayafinta ta kawar da fuska gefe, kamar an kira wani a nesa. Haka take yi a gida duk lokacin da aka ambaci sunan, jikinta ne ya saba, ba ta ma san ta yi ba. Dattijon ya ɗauka ba shi ba ne, ya ci gaba da jerowa.

Na dube ta. Idonta ya kawo ruwa, amma bakinta a rufe gam. Na tabbata in aka kira salla za ta yi musu godiya, mu koma tasha da kifinmu, ba kuwa za ta sake ganin matar nan ba.

Na ce, "Malam, ka wuce shi."

Ya saukar da tabarau. "Ashe tana magana! Wanne na wuce?"

"Na baya."

"'Yata, na baya ai suna da yawa."

Sai na faɗa. Ban yi raɗa ba kuma. Muryar da ke ƙin fita a aji ta fito har wani mai wucewa da kwanon fura ya waiwayo. Kaka ta zura wa wata kaza ido kamar ba ta taɓa ganin kaza ba.

Dattijon ya tafa hannu. "Marigayi mai matar nan Bakatsiniya! Ai da kun ce haka. Ga gidan can bayan masallaci, tun bara 'ya'yan suka mai da ƙofar ta ƙarfe." Ya miƙe da kansa ya raka mu har bakin ƙofa.

Muka same ta kwance kan tabarma a tsakar gida, ta rame sosai. Kaka ta yi sallama sau ɗaya, tsohuwar ta ɗago kai ta ce, "Wannan muryar ta mai cinye mani ɗanwake ce."

Kaka ta ce, "Ke dai har yau ba ki yafe ba?"

Suka riƙe hannun juna suna dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Ta shinshina ƙullin daddawar ta ce wannan ta gida ce, ta Zariya ba ta da wannan ƙamshin. Ta shafa fuskata da tafin hannunta ta tambayi ko ɗiyar wa ce. Kaka ta ce, "Ta wancan ce." Tsohuwar ta gane nan take.

A gidan muka yi la'asar a gurguje. Muna shiga tasha jirgi na busa, Baffa na tsaye a bakin tarago ya ɗora hannu biyu a ka. Shi da wani soja suka kamo Kaka suka hau da ita. Damina ba ta zagayo ba aka aiko mana da rasuwar aminiyar.

Har yau ban daina kunya ba, kuma ba na son in daina. Ina ganin kyanta a wajen Kaka, shi ya sa ko a nan ban rubuta sunan ba. Amma tun daga ranar na san cewa in abu ya kai a yi magana, ina da muryar yi. Da aka koma makaranta na fara ɗaga hannu a aji, malamin lissafi har ya tambaya ko an canjo ni ne a Minna.

A jirgi kuwa, Kaka ta zauna kusa da ni tana mai da numfashi. Sai da muka bar gari, gonaki suka fara wucewa ta taga, ta kwance bakin zanenta ta ɓallo mani rabin dabino. A wajenta wannan babbar godiya ce. Na karɓa, na leƙa na ga Baffa ya fara gyangyaɗi, na matsa kusa da kunnenta na ce, "Kaka, don Allah in mun koma gida, kada ki faɗa wa Baba."